Yadda ake zaman hunturu cikin dusar ƙanƙara a Kebek ta ƙasar Kanada

Duk shekara da watan Disamba ya kama, sai hotuna su fara shigowa wayoyin jama'a a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai. Ga ɗa ko ƙane ko mai gida tsaye bakin titi, ya naɗe kansa da tufa sai ido kawai ake gani, bayansa ko'ina fari fat. Yara su ce kai, wurin nan da kyau, tsofaffi kuma su ce Allah ya kiyaye. Da yawa cikin hotunan nan daga lardin Kebek suke fitowa, a gabashin Kanada, inda ake magana da Faransanci, abin da ya sa ɗalibai da ma'aikata ƴan Nijar ke yawan nufar can, musamman birninsu mafi girma, Monreyal. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, farin abin nan aiki ne ja, kuma kuɗi yake ci, wata huɗu zuwa biyar a kowace shekara.

Mu fara da abin kansa. Dusar ƙanƙara ba ƙanƙarar nan ba ce da muka sani, mai faɗowa da hadari kamar tsakuwa ta yayyaga ganyen gero. Ita wannan tururin ruwa ne ke daskarewa tun cikin gajimare, ya sauko sannu a hankali kamar an sheƙe dusa, babu ƙara, babu tsawa. Mutum na iya kwanciya gari lafiya lau, ya tashi da safe ya tarar ƙofa ba ta buɗuwa.

Manomanmu sun saba da awon ruwan sama da milimita. Ita dusa da santimita ake auna ta, kuma in aka narkar da santimita 10 nata, abin da ake samu bai wuce ruwa milimita 10 ba. A shekara guda Monreyal na samun sama da mita biyu kaɗan, birnin Kebek da ke arewa maso gabas da ita na samun wajen mita uku. A hunturun 2007 zuwa 2008 birnin Kebek ya samu santimita 558, wato fiye da mita biyar da rabi. In aka mai da ita ruwa, dusar Monreyal ta shekara ba ta kai rabin damina mai kyau ta Maradi ba. To ina matsalar? Ruwan sama in ya sauka, ƙasa ta sha, kori ya kwashe saura, gobe a fita gona. Dusar ƙanƙara ba inda take zuwa. Inda ta faɗi nan take zama, ta gobe ta hau kan ta yau, har sai an zo an kwashe ta ko kuma watan Maris ko Afrilu ya zo ya narkar da ita.

Sanyin da ke riƙe ta ma ba irin jaurarmu ba ne. A nan in dare ya sauka digiri 12 ko 13 sai kowa ya nemi bargo, a hura wuta a tsakar gida. A tsaunukan Ayar da wajen Bilma ne kawai ruwa kan daskare a wasu darare. A Monreyal cikin watan Janairu, digiri 10 ƙasa da sifili shi ne abin yau da kullum, wasu ranaku kuma a kai 25 ƙasa da sifili ko fiye. Firizar da ake yin ƙanƙarar azumi da ita digiri 18 ƙasa da sifili take. Ku kwatanta da kanku.

Aikin kwasa

Birni mai mutum kusan miliyan biyu ba ya tsayawa don dusa ta sauka. Ma'aikatar magajin garin Monreyal na da tituna da hanyoyin masu tafiya a ƙasa da tsawonsu ya kai kilomita 10,000, kamar a yi Yamai zuwa Damagaram sau goma sha ɗaya, kuma duka sai an share su bayan kowane babban zubi. Abin da ake kashewa a shekara ya kusa miliyan 200 na dalar Kanada. Ba dalarmu ta sefa biyar ba fa: kuɗin ya haura miliyar 80 na sefa. Daga harajin jama'a yake fitowa, shi ya sa in aka yi jinkirin sharar unguwa, magajin gari ba ya shan ruwa da daɗi a bakin ƴan jarida.

Da dusa ta fara sauka, motocin watsa gishiri ke fara fita, don gishiri na hana ruwa saurin daskarewa. In sanyi ya yi tsanani gishirin ba ya aiki sosai, sai a watsa ƙananan tsakuwa saboda santsi. Da ta ɗan taru, motoci masu faffaɗan ƙarfe a gaba su bi suna ture ta gefen hanya. In ta kai santimita 10 zuwa 15, sai a yi shelar kwasa, kuma a nan ne baƙo ke shan karatu.

Ana kafa alluna masu ruwan lemo a gefen titi, an rubuta daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza ba a ajiye mota a wannan ɓangare. Kafin masu kwasa su iso, motar janwe na bi tana busa jiniya. Duk wanda ya ji jiniyar nan, ko ƙarfe nawa ne na dare, zai diro daga gado ya sa takalmi ya je ya matsar da motarsa. Wanda barci ya ɗauke, da safe zai tarar babu mota: an ja ta an ajiye a wani titi, ga takardar tara ta fiye da dalar Kanada ɗari an maƙala masa. Bayan jiniya sai jerin injuna: wasu su tattara dusar su yi mata kunya guda a tsakiyar titi, babban inji ya biyo yana zuƙe ta yana fesa ta cikin kamiyon da ke tafiya kusa da shi, in ya cika ya wuce, na bayansa ya matso. Ma'aikata kusan 3,000 da injuna fiye da 2,000 ke wannan aiki dare da rana, kuma zubi matsakaici kan ci kwana huɗu kafin a gama. A watan Fabrairu na 2025 an yi zubi biyu a jere, fiye da santimita 70 cikin kwana huɗu, aka fi mako ana kwasa.

Ina ake kai ta? A da cikin babban koginsu ake juyewa, daga baya hukuma ta hana, don dusar titi cike take da gishiri da baƙin mai da shara. Yanzu wata ana zuba ta cikin manyan ramukan magudanar birni ta bi ta ma'aikatar tace ruwa, wata kuma a tara ta a filaye na musamman. Mafi girma shi ne wani tsohon ramin fasa dutse da ake kira Francon, a unguwar Saint-Michel.

Injin nan mai zuƙe dusa ma ɗan yankin ne ya ƙera shi, Arthur Sicard, a 1925, kuma a 1927 garin Outremont ya sayi na farko. Kafin ƙarshen shekarun 1940 yawancin hanyoyin karkara a Kebek ba a share su, ƙauye kan rufe ruf sai da doki da keken ja. Wani makanike na garin Valcourt, Joseph-Armand Bombardier, ɗansa ƙarami ya rasu a hunturun 1934 saboda an kasa kai shi asibiti. Bayan shekara uku ya fito da motar da ke tafiya bisa dusa mai ɗaukar mutum bakwai, a 1959 kuma ya fito da ƙaramarta mai kama da babur, Ski-Doo. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗora mai naƙuda a amalanke cikin Agusta saboda kori ya yanke hanya, ya san irin abin da ya tura mutumin nan.

Daga ƙofar gida zuwa titi kuwa, wannan na mai gida ne. Kowane gida da shebur ɗinsa a bayan ƙofa. Tsofaffin gidajen Monreyal da yawa matakalarsu ta ƙarfe a waje take, tana murɗawa har hawa na biyu, kuma kowace safiya sai an kankare ta. Mai mota kan tashi da rabin awa ko fiye kafin lokacinsa, ya haƙo motar, ya kankare gilashi. Doka ta tilasta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, masu robar da ba ta sandarewa cikin sanyi, kuma wanda aka kama babu su zai biya tarar dala 200 zuwa 300. Ko da tayoyin, a daren 14 ga Maris na 2017 motoci wajen 300 sun maƙale a babbar hanya mai lamba 13, mutane suka kwana a ciki.

Abin da ke kashe mutane

Mutum zai ɗauka sanyin ne kansa. Sau da yawa ba shi ba ne.

Na farko shebur ne. Dusa mai danshi nauyi gare ta kamar jiƙaƙƙen yashi, ga sanyi na matse jijiyoyin jini, ga mutum na sauri kada ya makara wurin aiki. Masu bincike a Monreyal sun duba takardun asibitocin Kebek na shekarun 1981 zuwa 2014, suka ga bugun zuciya na ƙaruwa ga maza washegarin babban zubi. Mai hawan jini, ko wanda ya haura hamsin bai saba aikin ƙarfi ba, gara ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana hutawa, ko ya biya yaro ya yi masa. Ba abin kunya ba ne.

Na biyu, kuma wanda ya fi shafar mutanenmu, hayaƙi ne. A nan ya kamata a ba da labarin watan Janairu na 1998. Wannan karon ba dusa ce ta sauka ba, ruwa ne, amma ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu. Suna ce masa verglas. Kwana biyar ana yi, har ƙanƙara ta lulluɓe wayoyin lantarki da kaurin da ya kai santimita 10 a wasu wurare. Manyan turakun ƙarfe wajen 1,000 suka durƙushe, gidaje da shaguna kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu suka rasa wuta a tsakiyar hunturu. Tsakanin garuruwan Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu wasu sun yi kusan wata guda cikin duhu. Aka fito da soja kusan 15,000, aka mai da makarantu wurin kwana. Mutum wajen talatin suka rasu, kuma cikinsu akwai waɗanda gobara da hayaƙin abin da suka kunna don jin ɗumi suka kashe.

Ɗauke wuta a nan ƙasar zafi ne da sauro. A can, inda mafi yawan gidaje da lantarki ake ɗumama su, ɗauke wuta na nufin ɗaki ya fara komawa firiza, bututun ruwa ya daskare ya fashe. To me ɗan Nijar zai fara tunawa? Gawayi. Mun tashi mun ga ana shiga ɗaki da garwashi a kasko lokacin ɗari, ana dafa shayi a ciki. Ɗakunanmu na da kafofin da iska ke bi, duk da haka ko a nan gawayi na kashe masu barci. Gidan Kanada kuwa an toshe shi ta ko'ina don kada ɗumi ya fita. Gawayi ko murhun gas na waje ko janareto, wanda muke ce wa gurup, in aka kunna su a ciki suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai ne farko, sai jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, daga nan ba a tashi. A watan Afrilu na 2023 an sake yin irin wannan ruwa, fiye da gidaje miliyan ɗaya suka rasa wuta, kuma mutane da dama aka kwasa zuwa asibiti saboda sun shigar da murhun gashin nama cikin gida. Ƴan uwa da ke can, ku sayi na'urar nan mai ƙara in gubar ta taru, ba ta da tsada. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a tafi wurin da hukuma ta buɗe. In an ji alamun, a fita waje a kira 911.

Mota ma haka. In dusa ta toshe bututun hayaƙinta aka tada inji, gubar cikin motar take komawa. Kuskuren da ake yi shi ne a sa yara ciki su ji ɗumi, uba yana waje yana sharewa. Bututun ake fara buɗewa kafin a taɓa makulli.

Sai kuma sanyin kansa. In iska na kaɗawa, jiki na jin abin da ya fi wanda ma'auni ya nuna, kuma hukumar yanayi ta Kanada na faɗin wannan lissafi kullum. In ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne da hanci da yatsu ke fara tafiya. A baƙar fata wurin kan yi toka-toka, ya yi tauri, a daina jin sa. Ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa shi, a nemi likita. Wanda ya yi alwala ya tsane jikinsa sarai kafin ya fita. Tufa kuma ba kauri ɗaya ake nema ba, hawa-hawa ake sawa, ta ciki kada ta zama ta auduga don tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, sannan hula mai rufe kunne da safar hannu da takalmin da ruwa ba ya shiga.

Akwai maganar da ya kamata matasa masu shirin tafiya su ji. Wasu kan shiga Amurka, sannan wani ya karɓi kuɗinsu ya nuna musu fili ya ce ku miƙe, Kanada na gaba. A daren 24 ga Disamba na 2016 wasu ƴan Ghana biyu sun yi haka kusa da garin Emerson, a lardin Manitoba, can yamma da Kebek. Sun tsira da rai, amma sun rasa kusan dukkan yatsun hannunsu. A Janairun 2022, a wannan yanki dai, an tsinci gawar iyali guda ƴan Indiya, uwa da uba da yara biyu, ƴan taku kaɗan daga iyaka. Mun san abin da Tenere ke yi wa wanda direba ya zubar. Farin filin nan bai fi ta tausayi ba.

Duhu da aljihu

Abin da baƙi da yawa ke cewa ya fi sanyi wuya shi ne gajartar rana. Cikin Disamba rana na fitowa wajen bakwai da rabi, ta faɗi huɗu da kwata. La'asar wajen ƙarfe biyu, magariba tun mutum yana wurin aiki. Ya fita da duhu, ya dawo da duhu. Babu zaman fada, babu tabarma a ƙofar gida, maƙwabci ma sai a yi wata ba a haɗu ba. Wasu jikinsu kan mutu, barci ya yi yawa, zuciya ta ƙuntata, kuma likitocin can sun san wannan ciwo, suna da maganinsa. Ƙarancin rana na rage bitamin D a jiki, mai baƙar fata ya fi kowa fuskantar haka, shi ya sa ake yawan ba da shawarar shan ƙwayarsa. Ƴan ƙasar dabararsu ita ce fita: yara na wasa a waje ko da digiri 10 ƙasa da sifili, manya na zamiya bisa ƙanƙara. A tsakiyar Monreyal kuma akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa fiye da kilomita 30 da ke haɗa tashoshin metro da kantuna da ofisoshi da jami'o'i. Ga masu kiran waya daga gida: a hunturu muna gabansu da awa shida. Ƙarfe takwas na dare a Maradi, biyu na rana ne a can, mutum na tsakiyar aiki. Amma ku kira. A wannan lokaci sun fi bukatar jin muryar gida.

Sai aljihu. Ɗumama gida kaɗai na cin wajen rabin kuɗin wutar shekara. Shi ya sa mai neman haya ke fara tambaya ko ɗumi na cikin kuɗin hayar ko a kansa yake. Kamfanin Hydro-Québec ba ya yanke wa gidan zama wuta saboda bashi daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, amma bashin na nan yana jira. Rigar sanyi da takalmi na kirki ɗaruruwan dala ne, yara kuma kowace shekara sun girme na bara. Ga tayoyi, ga tara in an yi sakaci. A daidai wannan lokaci aikin gona da na lambu ke tsayawa, na gini ya ja baya. Don haka in aiken Janairu ko Fabrairu ya zo da ƙaranci, kada a yi saurin cewa yaro ya manta gida.

Manoman can fa? Damina guda suke da ita kamar mu, daga Mayu zuwa Oktoba. Shanun madara cikin rufaffen garke suke cin hunturu, da ciyawar da aka yanka sau biyu ko uku aka adana, kamar yadda ake ɗaure harawa a ɗora bisa rumfa, sai dai nasu da inji ne. Kuma manomin Kebek ba ya ƙin dusa. Bargo ce ga ƙasa: in ta yi kauri, saiwar ciyawar dabbobi na kwana lafiya a ƙarƙashinta, in shekara ta zo da sanyi babu dusa, saiwar ta mutu. In ta narke, ita ke cika madatsun da ke ba su lantarki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta saki, suna huda wata bishiya da suke kira érable su tatsi ruwanta, su dafa lita 40 kafin a samu lita guda ta wani abu mai kama da zuma. Wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda ake sha a duniya daga Kebek yake fitowa.

Narkewar ma da nata. Ruwan da ya shiga tsagar kwalta ya daskare ya buɗa ta, sai tituna su cika da ramuka. In narkewa ta haɗu da ruwan sama, koguna su cika su yi ambaliya, kamar yadda aka yi a 2017 da 2019. A Afrilun 2019 wata katangar tare ruwa ta fashe a garin Sainte-Marthe-sur-le-Lac, aka kwashe mutum fiye da 6,000 cikin dare guda. Tulin da aka tara a filayen zuba dusa kuwa, baƙi ƙirin da dattin titi, yakan kai lokacin da geronmu ya fara tasawa bai gama narkewa ba.